Motar Malam Bawa Ba Ta Shan Mai

A unguwarsu ta Tumfure, duk wanda ya taɓa zama a majalisar ƙofar gidan Malam Bawa, ko da na minti goma ne, ya tashi da sanin cewa motar Malam ba ta shan baƙin mai. Ko zancen tsadar taki ake yi, ko na rashin wuta, sai Malam ya san yadda ya karkato da hirar ta biyo ta kan motar. Tsohuwa ce 'yar Kwatano, ruwan toka, ya saye ta tun yana aiki a ma'aikata, kuma tafiyarta ta haura kilomita dubu ɗari uku da tamanin. Yakan bubbuga bonet ɗinta da tafin hannu ya ce, "Daga juyen mai zuwa juyen mai, ko cokali ɗaya ba na ƙara mata. Mai musu ya zo ranar Asabar da safe ya gani da idonsa."

Masu musun sun zo, sun kuma gani. Malam zai zaro geji, wannan siririn ƙarfen da ake auna mai da shi, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, sai ga mai cif a kan layin sama. Wani malamin kimiyya da ke haya a bayan layinsu ya zo Asabar uku a jere, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya sosa ƙeya, ya ce shi dai karatunsa bai kawo nan ba.

Mutum biyu ne kacal a garin Gombe suka san dalili, kuma duk mata ne. Ta farko matarsa ce, Hajiya Saudatu, wadda ke ƙara wa motar mai duk Juma'a idan ya tafi masallaci. Ta biyu ita ce mai sayar mata da man.

Saudatu 'yar bakanike ce. A Kano aka haife ta, mahaifinta yana gyaran manyan motoci, ita ce kuma mai kai masa abincin rana a gareji. Sauran yara suna ajiye kwano suke rugawa wasa, ita kuwa sai ta tsuguna. Tambaya har sai an gaji da ita: me ya sa wannan ke juyawa, me ya sa mai ke shiga garau ya fito baƙi, ina ruwan lagireto yake zuwa idan ya ragu? Mahaifin bai taɓa korarta ba. Yakan ɗiga mata mai a yatsa ya ce ta murza, ta faɗa masa ko da sauran rai a jikinsa. Tana shekara goma sha biyu mahaifiyarta ta ce ya isa haka, 'ya mace ba ta yawo da farce baƙi ƙirin. Saudatu ta yi kukanta na kwana biyu, sannan ta haƙura, a fili dai.

Bayan ta gama sakandare ta auri Bawa, ɗan mutanen Malumfashi da fatauci ya kawo Gombe. Sun yi shekara ashirin da wani abu suna haya a unguwar Federal Low-Cost, suka raini 'ya'ya huɗu, ita tana sana'ar man gyaɗa a gida. Ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Idan suna tafiya ta ji inji ya canza murya, takan san abin da ke damunsa kafin a kai gareji, amma ta yi shiru, a je bakanike ya faɗi abin da ta riga ta sani. Kada a ɗora wa Malam laifin da bai yi ba, bai hana ta magana ba. Babu dai wanda ya taɓa tambayarta, shi ke nan.

Shi kuma Malam Bawa mutum ne da ba ya ƙara gishiri a zance. Idan ya ce ya iso ƙarfe biyu da minti bakwai, to, da minti bakwai ɗin ne. Haka ya yi aikin gwamnati har ya gama, ya fito da fili ɗaya a Tumfure da wannan mota, sai kuma sunan da ya yi na mai gaskiya, wanda yake ji da shi fiye da sauran biyun.

Shekara shida da suka wuce hawan jini ya kayar da shi, ya yi wata biyu a kwance, hannun hagu ya yi sanyi. Ya ce da Saudatu ta riƙa tayar da motar da safe don kada batir ya mutu. Rana ta uku da fara wannan aiki, ta duba hagu ta duba dama, ta ja abin buɗe bonet. Warin da ya bugo ta ya mayar da ita garejin mahaifinta gaba ɗaya, har sai da ta dafa motar. Hannunta ne ya nemo geji da kansa. Mai ya yi ƙasa sosai, yana leƙen layin ƙarshe, don tun watannin da ciwo ke cin Malam a tsaye ya daina dubawa.

Ta shiga Keke Napep ta yi doguwar tafiyar nan har hanyar unguwar Malam Inna, shagon Ego. Ego 'yar ƙabilar Ibo ce, tsohuwar maƙwabciyarsu a Low-Cost, kowa Maman Kosi yake ce mata. Ta zo Gombe tana amarya, yanzu Hausa a bakinta har da ɗanɗanon Fulatanci, kuma babu irin baƙin man da ba ta sayarwa. Ta ba Saudatu lita ɗaya irin wanda Malam ke juye da shi, ba ta tambaye ta komai ba.

Saudatu ta yi niyyar faɗa masa, wannan kam Allah ya sani. Amma ranar da ya fara fitowa tsakar gida, yana dogara sanda, kai tsaye wurin motar ya nufa. Ya sa aka buɗe masa bonet, ya zaro geji da hannunsa mai lafiya, ya ɗaga shi a hasken rana. Sai ya yi dariya, wadda rabon da a ji ta a gidan wata biyu ke nan.

"Kin gani, Saude? Ni na kwanta, ita ko gezau."

Bakinta a buɗe yake, maganar tana kan harshe. Ta dubi fuskarsa, ta mayar da bakin ta rufe.

Daga nan abin ya zama aikin Juma'a. Masallacinsu ba nisa, Malam a ƙafa yake tafiya tare da maƙwabta, ya bar makulli a jikin ƙusa. Da ta ji ƙarar rufe ƙofa sai ta ɗauko robar man daga ɗakin ajiya, inda take ɓoye a bayan jarkokin man gyaɗa, da mazurarin da ta yanka daga gorar ruwa. Ta auna, ta zuba kaɗan, ta jira ya sauka, ta sake aunawa. Ba ta taɓa wuce layi ba. Sau ɗaya 'yarta Bilkis ta zo gida ta kusa soya ƙosai da shi, tun daga ranar Saudatu ta ɗaura wa robar jan ƙyalle a wuya ta ce maganin gara ne.

Abin da ya fi cin ranta a farko ba ɓoyon ba ne, tambaya ce: ina man yake tafiya? Ego ta ce ta shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta duba da safe. Ta shimfiɗa, ta samu ɗigo biyu kawai, wanda ba zai cika cokali a wata ba. To, idan ba ƙasa yake zuba ba, sai ina? Ta koma fakewa da shara a bayan motar lokacin da Malam ke ɗumama inji yana jin labarai a rediyo. Nan ta gani. Da an tayar, wani siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi zai fito daga salansa, ya yi kamar minti ɗaya ya ɓace. Ta sa yatsa a bakin salansar bayan ta huce, ta murza, ta shinshina. Motar ƙona man take yi tare da fetur. Ranar Saudatu ta wuni da fara'a, har Malam ya tambaye ta ko an yi mata albishir ne.

Wanda abin ya fi wahalarwa shi ne Timoti, bakaniken da ke yi wa Malam juye, dattijo mai furfura da ya san aikinsa. Ya taɓa cewa, "Oga, motar nan tana ɗan hayaƙi fa, dole tana shan mai." Malam ya zaro geji ya miƙa masa. Timoti ya duba, ya sake dubawa, ya ce ikon Allah. Shekara shida bawan Allahn nan yana zargin idonsa.

Da haka aka zo bana, har ranar Litinin ɗin da autansu Abdulrasheed ya aiko da saƙo daga Abuja ta hannun direban tasha. Galan ɗin baƙin mai ne mai ruwan zinariya, an naɗe shi a leda kamar kayan lefe. Malam ya ɗora shi a kan teburin falo, ya kira yaron ya sa a lasifika don Hajiya ta ji.

"Baba, ful sintetik ne, orijinal," in ji Abdulrasheed. "Ka daina sa wannan semi ɗin naka. Tunda injinka ba ya shan mai, wannan ne daidai da shi. Kilomita dubu goma zai kai ka, ko bonet ba sai ka buɗe ba."

"Ka ji magana," Malam ya ce, bakinsa har kunne. "Asabar za a juye, Lahadi in kama hanya. Sai na dawo zan buɗe bonet, in kira 'yan majalisa su shaida."

Tafiyar Malumfashi ce, wurin yayansa da ba shi da lafiya, kuma mako uku zai yi, da zagayen dangi a ƙauyuka. Saudatu ba za ta je ba, don cikin Bilkis ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Tana tsaye da faranti a hannu ta yi lissafin da ba ta so. Zuwa da dawowa sun haura kilomita dubu, ban da yawon ƙauye. A nan cikin gari ma, tsakanin Tumfure da kasuwa, motar tana shanye lita a mako uku, balle a babban titi da inji ya ɗau zafi. Juma'a uku babu mai jan ƙyalle. Ta san ƙarar da inji ke yi idan mai ya ƙare masa, ta ji ta sau ɗaya tana yarinya, kuma ta tuna yadda mai motar ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Yanzu sai ta ga Malam ne a zaune haka a bakin daji, shi kaɗai, da hawan jininsa.

Ta gwada ta gefe. Da yamma ta ce, "Malam, da ka bar ta da wanda ta saba. Tsoho ba a canza masa abinci rana ɗaya."

Ya yi murmushi irin na wanda ke yi wa yaro bayani. "Saude, wannan harkar inji ce. Da a ce tana shan mai, da maganarki ta hau. Amma ai kin sha gani da idonki."

Lallai ta sha gani.

Washegari ta ɗauki hoton galan ɗin a waya ta tafi shagon Ego. Ego ta taso tana cewa, "Jaɓɓama, Hajiya, yau ba ranarki ba ce, lafiya dai?" Ta jawo mata benci, ta sa tabarau ta duba hoton.

"Wannan mai ne mai kyau," ta ce. "Ɗanku bai cuce ku ba. Ya fi wanda nake ba ki."

"To, Maman Kosi, ni fa yau so nake ki warware min. Shekara shida ina sayen semi, wai rabi-rabi, ban san rabin me da rabin me ba ne."

Ego ta yi dariya, ta sauko da robobi biyu, ɗaya irin na Abuja, ɗaya irin nata. Ta ce mai iri uku ne. Akwai na da, wanda aka tace daga ɗanyen mai, irin wanda mahaifin Saudatu ya sani. Akwai sintetik, wanda aka sarrafa a masana'anta har ya zama sumul, yana jure zafi, yana daɗewa bai lalace ba, yana kuma wanke cikin inji. Semi shi ne ruwa biyu, an haɗa wancan da wannan, ya fi na da inganci, bai kai sintetik ba.

"To, idan ya fi kyau, me zai hana tsohuwar mota ta sha?"

"Babu abin da ya hana. Mutane na cewa sintetik yana fasa tsohon inji, ba fasawa yake ba. In ya wanke dattin da ya toshe wata tsohuwar kafa, sai kafar ta fito fili, a ce shi ya yi. Amma ke ba nan matsalarki take ba. Dubi lamba."

Ta nuna mata a hoton, 5W-30. Ta juyo robar da Saudatu ta saba saya, 15W-40. Ta ɗiga mata kowanne a yatsa ɗaya. Saudatu ta lumshe ido ta murza, kamar yadda aka koya mata shekara hamsin da suka wuce. Na Abuja ya fi santsi, amma ya fi tsinkewa. Nata ya fi jiki.

"Na gane," ta ce a hankali. "Ringin fistin sun cinye, robobin cikin inji sun bushe. Mai kaurin ma yana samun hanya ya wuce, balle wannan."

"Sintetik ma akwai mai kauri, ba shi yaron ya aiko ba ne kawai," in ji Ego. "Kuma ko wanne aka zuba, ko da na zinariya ne, in ya ragu sai an ƙara. Dubu goman da yaron ke faɗa, ai lokacin da man zai yi bai lalace ba ne. Bai ce zai zauna a ciki ba."

Saudatu ta goge yatsunta da tsumma. Can ta ce, "Ko ke za ki gaya masa bai dace da motar ba?"

Ego ta cire tabarau. "In ce masa me? Zai zaro min geji yadda yake yi wa Timoti. In dai abin da geji ke nunawa gaskiya ne, Malam ya yi daidai, yaron ma ya yi daidai. Hajiya, ke kike sa wa gejin nan magana a baki. Ni na yi miki shiru shekara shida saboda Juma'a ba ta taɓa wuce ki ba. Wannan karon za ta wuce ki har uku."

Maganar ta yi wa Saudatu zafi, saboda babu inda za ta kama ta musa. A Keke, duk tsawon hanyar komawa, dabaru take ƙullawa tana kwancewa. Ta ɓoye galan ɗin? Zai kira yaron a aiko wani. Ta saka roba a but da 'yar takarda? Ba zai buɗe bonet ba balle ya nema. Ta roƙi Timoti ya zuba semi a ɓoye? To, ko semi ɗin ne ai sai an ƙara. Kowace hanya ta bi, sai ta dawo da ita wuri ɗaya. Ba motar take tsoro ba. Tsoron fuskar Malam take yi, mutumin da bai taɓa ƙara minti ɗaya a kan lokaci ba, idan ya ji abin da ta sa shi yake faɗa wa jama'a.

Ranar Juma'a ya fita masallaci, ta ɗauko makulli, ta buɗe bonet, ta zaro geji. Man ya sauka kamar faɗin yatsa. Ta ajiye robar da mazurarin a kan batir, ba ta zuba ba. Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a inuwar katanga. Tana ji aka yi huɗuba, aka tayar da salla, aka sallame. Sau biyu ta miƙe za ta rufe bonet ɗin, sau biyu ta koma ta zauna.

Malam ya turo ƙofa da darduma a kafaɗa. Ya dubi bonet a buɗe, ya dubi robar mai jan ƙyalle, ya dubi matarsa.

"Wa ya zo?"

"Babu wanda ya zo, Malam. Zo ka duba gejinka yau, kada ka jira gobe."

Ya zaro, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya daɗe yana kallo.

"Na mako ɗaya ke nan," ta ce. "Tana shan lita a mako uku. Ƙonawa take yi, ba zubarwa ba. Ni nake cikawa duk Juma'a, tun kana kwance."

"Tun ina kwance." Ya maimaita kamar yana karanta takarda. "Shekara shida?"

"Shida."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya jingina da motar, dardumar ta zame ta faɗi bai ɗauka ba.

"Na tara mutane a ƙofar gidan nan. Na ce mai musu ya zo ya gani. Na ƙaryata Timoti a gaban yaransa, alhali shi ne mai gaskiya. Saude, kin san ban taɓa..."

"Na sani. Shi ya sa kullum ya fi jiya wuyar faɗa. Ranar da ka fito da sanda ka yi dariya, ban iya ƙwace maka ita ba. Na yi kuskure, ka yafe ni. Amma gara ka yi fushi da ni a nan da ka tsaya a daji."

Ya shafa gefen motar da hannun nan nasa da bai gama dawowa ba. "Na ɗauka akwai abu ɗaya a gidan nan da bai tsufa ba," ya ce.

Hawaye ya zubo mata. "Ta tsufa, Malam. Amma ba ta taɓa ajiye mu a hanya ba."

Ya shige ɗaki. Ranar bai fita majalisa ba, tuwon ma kaɗan ya taɓa.

Da safiyar Asabar ta jiyo shi a ƙofar gida yana aika a kira masa maƙwabta, har da malamin kimiyya. Ta matso bayan ƙyaure. Ya ce musu, ba tare da kwana-kwana ba, maganar da ya daɗe yana faɗa a kan motarsa ba haka take ba. Tana shan mai lita ɗaya a mako uku, a gida ake ƙara mata bai sani ba, kuma duk wanda ya taɓa kai labarin gaba ya bi ya gyara. Sai malamin kimiyya ya ce, "Alhamdulillahi! Wallahi na kusa daina yarda da littafi." Dariya ta ɓarke, amma Saudatu ba ta ji muryar mijinta a ciki ba.

Malam ya leƙo ya ce ta ɗauko mayafi. Suka tafi Malam Inna, galan ɗin Abuja a kujerar baya. Garejin Timoti yana kusa da shagon Ego, can Malam ya fara tsayawa, ya fito ya ba shi hannu ya ce, "Kai ne da gaskiya, tana sha. Ka yi haƙuri." Timoti ya cire hula ya mayar, ya ce yau zai ci abinci da daɗi.

A shago Ego ta jera robobin biyu a kan kanta, ta fara bayani. Malam ya ɗaga hannu.

"Maman Kosi, bar shi. Wadda ta san cikin motar ita za ta zaɓa."

Bai dubi Saudatu ba da ya faɗa, kuma ba ta iya gane ko yabo ne ko sauran fushi. Ta ce a zuba semi mai lamba arba'in da sabuwar filta, a saka lita biyu a but. Na Abuja kuma a kai wa mijin Bilkis, motarsa sabuwa ce, za ta ji daɗinsa. Idan Malam ya dawo a kawo wa Timoti ya duba robobin da suka bushe. Ta ƙara da cewa duk inda ya tsaya shan fetur, ya bari inji ya huta minti goma a wuri mai daidai, sannan ya duba.

Lahadi bayan ya karya kumallo ya kama hanya. Ya yi mata sallama yadda ya saba, ya karɓi mazurarin gorar ruwa daga hannunta ya saka a but. Ta tsaya tana kallon ɗan hayaƙin nan mai shuɗi har ya baje. Gidan ya yi mata faɗi. Ta share inda motar ke kwana, ta tace man gyaɗa, ta kira Bilkis, duk wayar tana ɗaure a bakin zaninta.

Bayan azahar wayar ta yi ƙara.

"Ina Birnin Kudu," in ji Malam. "Na bar ta ta huta minti goma sha ɗaya. Man ya sauka, bai kai faɗin yatsa ba."

"Zuba kaɗan, kamar kofin shayi. Ka jira ya sauka, ka sake aunawa. Kada ka wuce layi."

Ta ji ƙarar buɗe roba, ta ji motoci na wucewa, ta ji numfashinsa. Can ya ce man ya hau layi. Ta ɗauka zai kashe, amma bai kashe ba.

"Saude."

"Na'am, Malam."

"Tun daga Darazo nake tunani. Babu ɗigo a ƙasa, murfi a rufe, inji a rufe. Kin ce ƙonawa take yi. To, wai ta ina man yake bi ya kai wurin wutar?"

Saudatu ta tsaya cak a tsakar gida. Shekara arba'in da aure, yau ce rana ta farko da wani ya tambaye ta. Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta share ido da gefen mayafi, ta gyara murya.

"Kana da kati a wayar?" ta ce. "Don maganar tana da ɗan tsawo. Ka san fistin?"

"Ina jin sunansa dai," in ji Malam Bawa. "Fara daga nan."